Gefen shafin da wuta ta ci

Yau a taron masana tarihi da adabin tsohuwar Turai a Jami'ar Lids da ke Ingila, wata dattijuwar farfesa ta ajiye takardarta, ta rera mana baitocin Beowulf, wata tsohuwar waƙar jarumta, da ka, da Turancin da ko Turawan yau ba sa ji. Zauren ya yi tsit. Sannan ta haska hoton wani shafi na tsohon littafin da aka rubuta waƙar a ciki, gefensa duk ya babbake tun gobarar da ta tashi a inda aka ajiye littafin a shekarar 1731. Kwafi ɗaya tak ya rage, yana Landan.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Layi 3,182, saura ƙiris su zama toka! Tun da na fito nake tunanin gafakar kakana da takardun ajamin da ke ciki, ko gara ta taɓa su.