Kaskon ruwan da na ajiye wa tsuntsaye

Kusan shekara biyu ina ajiye wa tsuntsaye kaskon ruwa da ɗan hatsi a bayan ɗaki, don kawai in riƙa kallonsu da sassafe. Rannan sai na ga wata kurciya ta takure a gefen kaskon, gashinta a tashe, ko da na matso ba ta tashi ba. Tana tsintar hatsi, ƙwayar na faɗowa daga bakinta. Gashin ƙasan bakin ya jiƙe da yawu har ya manne. Washegari na tsince ta a mace. Kafin mako ya zagayo, wasu biyu sun bi ta.

Da farko guba na zata. Na sa safar hannu, na ƙulle gawar ɗaya a leda na kai wa likitan dabbobi. Yana buɗe bakin sai ga wani abu rawaya-rawaya, kamar daskararriyar mugunya, ya toshe maƙogwaro. Ya ce tirikomonas ce, wata ƙwayar cuta da ke zama a baki da maƙogwaron kurciya da tattabara. Tsuntsuwa tana ganin abinci amma haɗiya ta gagara, yunwa ce ke ƙarasa ta. Uwa na saka wa 'ya'yanta wajen ba su abinci baki da baki, shahon da ya ci mai cutar ma yakan ɗauka. A Birtaniya ta ɓulla cikin ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba a 2005, ta yi musu mummunar ɓarna.

Sai ya tambaye ni yaushe rabon da in wanke kaskon. Kunya ta rufe ni. Ni dai ƙara ruwa nake yi a kan na jiya, mai ciwo ta zubar da yawu a ciki, lafiyayya ta zo ta sha.

Ya lissafa mini wasu cututtukan: salmonela da ke bin kashin tsuntsaye, wadda ke kama mutum da kyanwa, da ƙuraje masu kama da agana da ke fitowa a ƙafa da gefen ido, sau da yawa sauro ne ke yaɗa su. Murar tsuntsaye kuwa, ya ce in na ga gawarwaki da yawa wuri guda, musamman na tsuntsayen ruwa, kada in taɓa, in sanar da hukuma.

Na ɗauke komai har mako uku. Ba ƙaramin nauyi na ji ba ganin suna sauka su leƙa wurin su tashi, amma tarwatsa taron shi ne maganin. Tirikomonas ba ta jure bushewa, don haka yanzu kasko biyu gare ni. Ɗaya na da ruwa, ɗayan na wanke shi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, na ɗauraye na shanya a rana, gobe in musanya su. Hatsin ma na daina tara shi wuri ɗaya.