Mai tsaron ƙofa da hanyar fita: darasin zaɓen masauki daga Alƙahira

Karo na farko da na kai iyalina Alƙahira yawon buɗe ido, na zaɓi masaukinmu ne a waya cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, ina zaune a falona a Kano. Na ga hoton gado da fararen zannuwa, na ga taga mai kallon titi, na ga kuma kuɗin bai kai rabin na sauran wuraren ba, sai na biya na kwana biyar gaba ɗaya. Akwai tambayoyi biyu da ban yi ba, waɗanda yanzu da su nake fara duk wata magana ta masauki: wane ne ke tsaron ƙofar gidan da dare, kuma ta ina za mu fita idan wani abu ya taso muna can sama.

Jirginmu ya sauka da daddare. Filin jirgin saman Alƙahira yana arewa maso gabashin birnin ne, kusa da unguwar Heliyofolis wadda mutanen gari ke kira Masr al-Gadida, kuma tun kafin mu gama fitowa da kaya wani mutum mai fara'a ya tare mu yana tambayar inda za mu sauka. Da na faɗa masa, sai ya kaɗa kai ya ce ai an rufe wurin, amma ya san wani wanda ya fi shi kyau. Wannan tsohuwar dabara ce da ake yi wa baƙi a manyan birane da dama, domin mai kai ka yana da la'adarsa a hannun otal ɗin da zai kai ka, kuma kai ne za ka biya ta a cikin kuɗin ɗaki. Na taɓa jin labarinta, saboda haka na yi masa godiya, na kira mota ta Uber, muka tafi inda muka yi niyya.

Wurin yana Wust al-Balad, wato tsakiyar gari, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga Dandalin Tahrir da tsohon gidan adana kayan tarihin Masar da aka buɗe a 1902. Unguwa ce mai kwarjini. Sarki Isma'il, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, shi ya fara tsara ta bisa fasalin birnin Faris na ƙasar Faransa, kuma yawancin dogayen gidajenta sun daɗe ƙwarai. Abin da hoto bai nuna mini ba shi ne, da yawa daga ƙananan otal-otal ɗin unguwar ba gini ne mai zaman kansa ba. Hawa ɗaya ne ko biyu aka kama a cikin tsohon bene, ƙasansa ofisoshi ne ko shagon tela, samansa kuma gidajen mutane ne. Namu yana hawa na shida. Ƙofar titi a buɗe take ba kowa a bakinta, lif ɗin mai kejin ƙarfe ba ya aiki, fitilun matakala biyu sun mutu, kuma a hawa na huɗu an jibge kwalaye da tsofaffin kujeru har sai da muka bi ta gefe ɗaya bayan ɗaya. Da muka shiga ɗaki, maiɗakina ta dube ni ta ce, "Maigida, in wuta ta tashi a ƙasa, da yaran nan ta ina za mu bi?" Na fita na zagaya hawan, ban sami wata matakala ta biyu ba. A daren nan ban runtsa ba, kuma da gari ya waye muka kwashe kayanmu, na haƙura da kuɗin kwana huɗu.

Ba ina cewa duk otal ɗin da ke cikin irin waɗannan gidaje haka yake ba, domin daga baya na ga masu tsabta da kula, masu ƙofa mai makulli da ma'aikaci a zaune dare da rana. Ba kuma ina cewa Alƙahira gari ne mai ban tsoro ba. Birni ne mai mutane fiye da miliyan 20 idan aka haɗa da kewayensa, titunansa cike suke da iyalai har tsakar dare, kuma a iya zamana ban taɓa jin fargabar a tare ni da makami ba. Hatsarin da baƙo ya fi fuskanta a can na zamba ne, da na tsallaka titi, da na ginin da ya kwana a ciki, kuma na ƙarshen shi ne wanda muka fi yi wa sakaci.

Bayan na dawo gida na daɗe ina tunanin yadda kakanninmu suka yi fatauci zuwa Gwanja da Kumasi da Ikko ba tare da hoto ko waya ba. Bafatake ba ya sauka a garin da bai sani ba sai a hannun fatoma, wato mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa dukiya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Abin da ake dubawa a lokacin ba kyawun ɗaki ba ne, mutumin da ya ɗauki nauyinka ake dubawa, domin an san baƙo ko da ido makaho ne. Mu kuwa yanzu mun sami hanyar kama ɗaki a ko'ina cikin duniya, amma mun daina tambayar wanda zai amsa sunanmu idan muka shiga matsala. A ganina duk maganar tsaro wajen zaɓen masauki a nan ta taru.

A Alƙahira akwai mutumin da ya ɗan yi kama da wannan, shi ne bawwab, mai gadin gida. Kusan kowane benen zama yana da nasa, galibi mutumin Sa'id ne, wato kudancin Masar, yana zaune da iyalinsa a ɗan ɗaki a ƙasan ginin, ya san kowa da ke ciki, ya san mai shiga da mai fita. Wasu mazauna suna ƙorafin cewa ya cika sa ido, amma ga baƙo mai mata da yara wannan sa idon alheri ne. Don haka kafin in biya ko sisi yanzu, sai na rubuta wa masu wurin na tambaye su ko akwai ma'aikaci a teburin karɓar baƙi da ƙarfe uku na dare, ko ana kulle ƙofar titi, da kuma ko wanda ba mazaunin otal ba zai iya hawa har ƙofar ɗakina ba tare da ya wuce ta gaban kowa ba. Yadda suka amsa ma kansa labari ne, domin wanda ya kewaye tambaya ya koma yabon kyawun ɗaki, ya riga ya ba ka amsa.

Maganar wuta kuwa ba ta ƙananan wurare kaɗai ba ce. A watan Maris na 1990 gobara ta tashi a wani babban otal na alfarma a Heliyofolis, ta kashe fiye da mutum goma, yawancinsu baƙi daga ƙasashen waje. Tsada ba ta hana wuta ci, abin da ke ceton rai shi ne ƙararrawa mai aiki da matakala a buɗe. Shi ya sa nake neman ɗaki tsakanin hawa na biyu da na huɗu, inda ba a iya hauro taga daga titi, amma kuma tsoho da yaro za su iya sauka da ƙafa. Da zarar na ajiye jaka, kafin in cire takalmi, sai in fita in ƙirga ƙofofin da ke tsakanin ɗakina da matakala, domin a cikin hayaƙi ido ba ya amfani, hannu ne ke gani. Sai in tura ƙofar fitar gaggawa in tabbatar ba a ɗaure ta da sarƙa ba. Mintoci biyar ne kacal, kuma ban taɓa ganin ma'aikacin kirki ya ji haushin hakan ba.

Akwai kuma wani hatsari da mutanenmu ba su saba da shi ba, saboda mu a gida ruwan wanka a tukunya ko a hita mai lantarki muke dafa shi. A gidajen haya da yawa na Masar na'urar dumama ruwa, wadda suke kira sakhkhan, da iskar gas take aiki, kuma wani lokaci a cikin banɗakin kanta ake kafa ta. Idan ba ta da bututun da ke fitar da hayaƙinta waje, kuma aka rufe taga saboda sanyin hunturu, tana tara wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, mutum ya fara jin jiri da ciwon kai, ya faɗi a rufe shi kaɗai. Jaridun ƙasar sukan ba da labarin irin wannan rasuwa a lokacin sanyi. Duk wanda zai kama gida mai kayan ɗaki, ya leƙa banɗaki kafin falo, ya dubi inda bututun ya nufa, ya bar taga a ɗan buɗe yayin wanka, kuma kada a bar yaro ya kulle kansa a ciki.

Na ambaci gidan haya ne domin shi yawancin mutanenmu suke kamawa, musamman masu zuwa da iyali ko masu haɗa yawo da ganin likita. Da yawa suna sauka a Madinat Nasr, inda ɗaliban Azhar 'yan Najeriya da Nijar suke da yawa, kuma samun ɗan gida da ke jin Hausa da Larabcin Masar babbar ni'ima ce. Sai dai ko a nan ma a yi hattara da dillali, wanda suke kira simsar, idan ya ce a turo masa kuɗin wata guda tun kana Najeriya bisa hotunan da ya aiko ta WhatsApp. Hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce in kama daren farko da na biyu a otal sananne, sannan in je da rana tsaka in ga gidan da idona, in ga mai shi, a rubuta yarjejeniya da kuɗin ajiya a takarda, kana in biya. Fasfo kuwa otal yana da haƙƙin ya gani ya ɗauki bayanansa, amma ba na barin sa ya kwana a hannun dillali ko mai gida da sunan jingina. Nakan ba da kwafi, in ajiye wani kwafin a wayata, wani kuma a wurin ɗan'uwana a gida.

Game da unguwa, ba ni da wadda zan ce ita ce daidai ga kowa. Zamalek, da ke kan tsibiri a tsakiyar Kogin Nilu, tana da natsuwa da ofisoshin jakadanci da yawa, ciki har da na Najeriya, sai dai akwai tsada. Dokki da Garden Siti suna tsaka-tsaki. Kewayen Masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili yana da daɗi ga mai son sallah a Azhar da ganin tsohon gari, amma lungunansa ƙanana ne, mota ba ta shiga wasunsu, kuma wanda ke tare da tsohuwa ya yi tunanin yadda motar asibiti za ta iso ƙofa. Wurin da na fi jan hankalin mutane a kai shi ne Nazlat al-Samman, unguwar da ke gindin dalar Giza, inda ƙananan masaukai ke tallata rufin soro mai kallon dala. Kallon gaskiya ne kuma yana da ban sha'awa, amma daga ƙofa masu hayar dawaki da raƙuma za su yi maka caa, kuma komawa can daga tsakiyar gari da dare tafiya ce mai nisa cikin cunkoso. Dare ɗaya ya isa a can. Ni dai nakan fifita wurin da ke kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka fara buɗewa a 1987, domin yana da arha, ba ruwansa da cunkoson titi, kuma akwai taragun da aka keɓe wa mata, abin da ya sa maiɗakina da 'yarmu suka iya fita su kaɗai da rana hankalina a kwance.

A shafukan kama ɗaki irin su Booking.com na daina karanta yabo. Nakan gangara zuwa ga waɗanda suka ba da maki mafi ƙanƙanta a watannin baya-bayan nan, musamman mata masu tafiya su kaɗai da masu iyali, in ga ko ƙorafi ɗaya yana maimaituwa. Mutum ɗaya ya ce makulli ba ya kamawa, wataƙila tsautsayi ne, amma mutum huɗu su ce ma'aikaci ya buɗe musu ƙofa ba sallama, to halin wurin ke nan. Nakan kuma ajiye lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido, 126, da ta motar asibiti, 123, sannan in karɓi katin otal mai adireshi da Larabci in saka wa kowane yaro ɗaya a aljihu.

Wurin da muka koma a waccan tafiyar yana Dokki, a hawa na uku, kuma ɗakinsa bai kai na farko faɗi ba. Bawwab ɗin gidan dattijo ne mai jallabiya da rawani, kullum yana kan benci a bakin ƙofa da kofin shayi, yara suna gaishe shi da "ya amm", wato baffa. A dare na huɗu mun je kasuwa muka makara, wayata ta mutu, muka yi ta kewaya layin da bai kamata ba har kusan ƙarfe ɗaya. Da muka karyo kwana daga ƙarshe, sai na hango shi tsaye a tsakiyar titi da tocila a hannu yana leƙa kowace motar da ta wuce. Ya ƙirga mu da yatsa, ya ga mu biyar ne cif kamar yadda muka fita, sannan ya tura mu ciki ya ja ƙofar ƙarfe ya sa mata kwaɗo.