Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hunturun da Na Fitar da Kaskon Wuta Daga Ɗaki

A makon jiya na tsaya ne a ranar da maigidana Malam ya kawo mini keken ɗinki ƙirar Butterfly daga Gusau zuwa Ƙauran Namoda, 'yan makonni bayan an ƙirƙiro jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoban 1996. A lokacin ban iya komai ba sai kalmasa bakin zani da facin rigunan yara, kuma ban taɓa zaton cewa aikin farko na kirki da zan yi a kansa kayan barci ne ba.

Da Disamba ta tsaya, ɗari ya sauko sosai, muka koma ga abin da muka tashi muka tarar ana yi: a cika kasko da garwashi, a shigar da shi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Wata asuba na farka kaina kamar zai rabe biyu, na miƙe jiri ya mayar da ni, ɗan farina mai shekara uku kuwa ya yi laƙwas yana amai. Gwaggo, wato yayar mahaifin Malam da muke zaune gida ɗaya, ita ce ta banko ƙofar ta fito da mu tsakar gida. Daga baya ma'aikacin asibiti ya yi mana bayani cewa gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata guba da ba a ganinta, ba a kuma jin warinta, wadda take hana jini ɗaukar iskar da jiki yake rayuwa da ita. Tun daga ranar kasko bai sake kwana a ɗakina ba.

Sai dai sanyi yana nan, yaron kuma ba ya barin bargo a jikinsa. Kafin tsakar dare ya shure shi, ya kwana a takure yana tari. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ga keke a ɗakinki, ki ɗinka masa bargon da ba zai iya shurewa ba mana."

Yadin da Malam ya fara sayowa mai sheƙi ne da santsi. Gwaggo ta zare zare ɗaya daga gefensa ta kai bakin fitilar ƙwai, muna kallo ya nannaɗe, ya narke, ya zama ɗan ƙulli baƙi mai tauri. Ta ce wannan roba ce, tana tara gumi, idan kuma wuta ta taɓa ta manne wa fata take yi. Aka mayar aka karɓo yadi biyu na auduga mai laushi, wanda gefensa ɗaya yake da gashi-gashi, zarensa kuwa da aka ƙona sai ya zama toka mai laushi mai ƙaurin takarda. Har yau da wannan gwajin nake sayen yadi.

Saboda ɗoki ban wanke shi ba na yanka, a wankin farko wandon ya tsuke ya ɗage har ƙwauri, na zauna na yi kuka don na san yadda aka haɗa kuɗinsa. Auduga takan tsuke idan ta fara shan ruwa, saboda haka a karo na biyu na jiƙa yadin a ruwan zafi, na shanya, na goge, sannan na sa almakashi. Na ninke tsohon wandonsa a kan takardar buhun siminti na zana da alli, na bar faɗin yatsa biyu na ɗinki, da yatsa huɗu a sama domin ƙubaka. Gefen mai gashi na juya ciki, tun da shi ne yake riƙe ɗumin jiki. Hantsa na bi ta sau biyu domin nan wandon yaro yake fara yagewa, kowane haɗi kuma na kwantar da bakinsa na danne da ɗinki, saboda fatar da hunturu ya busar ko ɗan zare ya goge ta sai yaro ya kwana yana susa. Maimakon zariya roba na zura, na auna ta a cikinsa bayan ya ci tuwon dare don kada ta matse shi, na sa wata a ƙafafun wandon yadda ba za su naɗe su hau sama ba. Na so in buɗa hannun rigar don kwalliya, Gwaggo ta hana, ta ce yadi mai gashi yana saurin kama wuta, yaro kuma da safe murhu yake nufa.

Keken ma ya koya mini nasa. Allura biyu na karya kafin in gane cewa inda yadi ya ninku huɗu sai lamba 16, kuma sai an ƙara tsawon takun ɗinki. Gashin yadin da ƙurar hunturu sukan taru a gidan ƙwarƙwaro, wato inda zaren ƙasa yake zama, har zare ya riƙa tsinkewa, don haka kullum da yamma nakan share wurin da gashin kaza in ɗiga mai.

Daren da ya fara kwana da su na tashi sau uku ina taɓa bayansa. Bargon yana can ƙarshen gado kamar kullum, amma jikinsa da ɗumi, numfashinsa kuma a kwance.

Azumin shekarar ya kama a Janairun 1997, ana tsakiyar jaura, na ɗinka wa kaina doguwar riga mai dogon hannu da irin yadin domin tashin sahur. A kan igiyar shanya maƙwabciyarmu ta hango kayan, washegari da hantsi ta yi sallama da 'ya'yanta huɗu a bayanta da yadi a hammata, tana tambaya nawa zan karɓa. Yadda muka yi da ita, da abin da Malam ya ce da ya ji an fara biyana, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.