Filin Jirgin Saman Kano a Idon Mutumin Damagaram

Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kilomita kusan 900 ce, alhali tsakaninmu da Kano ba ta kai kilomita 250 ba, in aka bi ta Matamaye da Dan Barto aka ratsa Daura da Kazaure. Wannan ne ya sa ɗan kasuwar da zai je Dubai ko China saro kaya, da mai niyyar umara, sukan fara tambayar jiragen da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano kafin su waiwayi filin Diori Hamani na babban birninmu.

Filin na Kano shi ne mafi daɗewa a Najeriya. A 1925 jiragen sojan saman Ingila suka fara sauka a birnin, kuma a 1936 aka soma jigilar fasinja. Darajarsa a wancan zamani ta samo asali ne daga gazawar jiragen kansu, domin ba su iya ɗaukar man da zai kai su kudancin Afirka daga Turai a tashi ɗaya, saboda haka tilas su ya da zango a Kano bayan sun ƙetare Sahara. Da aka ƙera jirage masu dogon zango sai buƙatar ta kau, kamfanonin Turai suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, har KLM da ya fi kowa jimawa ya daina zuwa a 2012. Yanzu harkar filin ta fuskanci gabas: Jidda, Alƙahira da Addis Ababa, inda ake canza jirgi zuwa kasuwannin Asiya. A ganina hakan ya fi dacewa da mu, tun da can ne ibadarmu da fataucinmu suke. Ko babban hatsarin da ya auku a filin a watan Janairun 1973, wanda ya ci rayuka 176, alhazai ne ya rutsa da su suna dawowa daga Jidda.

Hazon hunturu yakan jinkirta tashi da sauka, amma wannan mun saba da shi a gida. Abin da ya fi damun matafiyin Damagaram shi ne iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 bisa takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. A duk waɗannan watanni wanda ke son bin ƙa'ida ba shi da zaɓi illa doguwar hanyar Yamai, ta Maraɗi da Dosso, yini guda cur a mota. Shi ya sa nake ganin ya kamata hukumomi su ƙara wa filin jirginmu na Damagaram jirage masu zuwa a kai a kai, ko da na Yamai ne kaɗai, domin mai tikiti a hannu ya san ranar da zai isa.