Godiya ga duk wanda ya sa hannu a ɗan injin tururina

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, ranar Asabar da ta wuce ɗan injin nan da na shafe shekara 6 ina ƙerawa a garejin gidana da ke Leeds ya ci kwal, ya yi tururi, ya tafi da ƙafafunsa a filin ƙungiyarmu ta masu ƙera ƙananan injina. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan.

Masu tambaya ko jirgin ƙasa ne, a'a. Irin injinan nan ne da manoman Ingila suka yi aiki da su kafin zuwan tarakta. Suna tafiya a kan hanya ba tare da dogo ba, suna jan kaya masu nauyi, a gona kuma a ɗaura musu bel su juya injin sussukar alkama. Nawa kwaikwayon na kamfanin John Fowler ne, wanda a da masana'antarsa take unguwar Hunslet a nan cikin Leeds. Girmansa kashi 1 cikin 6 na ainihin injin, amma wutarsa wuta ce ta gaske, haka ma tururinsa.

Godiyata ta farko ga Maman yara. Mota ta kwana a waje duk hunturun shekarun nan saboda na mamaye gareji, garin ƙarfe kuma yana bina har kan dardumar falo. Ranar da na yanke yatsa a kan injin sassaƙar ƙarfe, ita ta kai ni asibiti da tsakar dare, ba ta ce mini uffan ba sai bayan an gama ɗinki. Hajiya, Allah ya saka miki da Aljanna.

Sai dattijon ƙungiyarmu mai duba tukunyar tururi, wanda nake kira Baba, shi kuma ya amsa duk da bai san ma'anarsa ba da farko. A kansa zan ɗan daɗe. Tukunyar ta jan ƙarfe ce, ana haɗa gaɓoɓinta da narkakkiyar azurfa a wuta mai tsanani. Kafin a yarda ka hura mata wuta, sai an cika ta da ruwa maƙil, an matsa da famfo har ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki da shi. Dalilin amfani da ruwa shi ne ba ya matsuwa, in akwai rauni sai dai ya tsatso, amma da tururi ne fashewa za ta yi. Tawa a gwajin farko ta yi gumi a gindin bututu biyu. Ɗigo ne da ƙyar ido ke gani, na so ya kau da kai. Baba ya goge da yatsa, ya jira, ɗigon ya dawo, ya girgiza kai. Ranar na koma gida ban ci abinci ba, har na raya a raina cewa tsohon nan ya cika tsanani. Washegari sai ga shi a ƙofar gidana da kayan wutarsa, muka shafe Lahadi uku muna gyara. Da na ga ɗana zaune dab da tukunyar nan ranar Asabar, na gode wa Allah da Baba bai saurare ni ba.

Maƙwabcina ya jure ƙarar guduma lokacin da nake danne ƙusoshin ƙafafun baya. Na gode. Haka wanda ya sayar mini da tsohon injinsa na sassaƙar ƙarfe ƙirar Myford a kan kuɗin da ni da shi mun san kyauta ce.

Yaya, na gode da kiran bidiyo daga Kano. Da ka ji usur ɗin ka ce da mahaifinmu yana raye da ya ce jinin maƙera bai ɓata ba, sai da na juya baya na share ido. A gaban zuga-zuginsa na fara sanin launin ƙarfe in ya nuna, kuma da wannan idon na gane lokacin da azurfa za ta gudu. Allah ya jiƙansa da rahama.

'Yan uwa da kuka taso daga Bradford da Manchester cikin yayyafi, da matan da suka kawo waina da miyar taushe har Turawan ƙungiya suna neman ƙari, Allah ya bar zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya. Yaran da layin hawa injin bai kai kansu ba su yi haƙuri, kwal ne ya ƙare.

Wanda ban ambata ba ya yafe mini. Saura fenti da fitilu. In Allah ya kai mu bazara zan sake hura wuta, kuma yaran da ba su hau ba su za a fara ɗauka.