Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarar da Aka Cire Sunana

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda muka baro Jos bayan rikicin Satumbar 2001, ni da Inna da uwar yara, muka sauka a ɗaki ɗaya a Nyanya. Shekarar 2002 ba ni da abin faɗa a kanta, ban da cewa a cikinta kasuwar Terminus ta ƙone, rumfar Goggo ta tafi da duk abin da ke ciki. Wadda take cina har gobe ita ce 2003.

Kulob ɗin da ya ɗauke ni aiki a Abuja yana da ɗakunan sikwash biyu, wato wasan da mutum biyu ke buga ƙwallo a bango da raket a cikin ɗaki. Da safe in goge katakon ƙasa in wanke tabon ƙwallo daga bango, da rana in ɗaura igiyar raket, da yamma in tsaya wa manyan mutane su buga su yi gumi. Yaya na wajen Kawu ya riga ni shiga wurin, kuma ban taɓa musun cewa shi ya kai ni gaban manaja ba. Amma kai mutum gaban manaja daban, iya aiki daban. Wata uku ban cika ba, masu raket suka daina kai masa ɗauri suka dawo wajena, domin nawa ba ya sakin jiki bayan wasa biyu. Daga nan gaisuwarsa ta gajarce.

Ɗaurin nan a hannun Kawu na koya, shi kuma Yaya a lokacin yana can yana bin 'yan ƙwallon ƙafa. Kawu ya yi rayuwarsa duka a ɗakin sikwash na wani kulob da Turawan kuza suka bari a Jos. Wanda bai san sanyin Jos a watan Disamba ba, ba zai gane wahalar wasan nan a can ba. Ƙwallon ƙaramar roba ce baƙa, in ba ta ɗauki zafi ba ba ta tashi, ka buga ta a bango ta faɗi nan take. Kawu yakan sa ta a hammatarsa tun daga gida, ko ya jefa ta a kofin ruwan ɗumi kafin mambobi su iso. A bakinsa na fara jin sunan Hashim Khan, shi kuma ya ji ne daga malaman Pakistan da suke koyarwa a sakandaren Arewa a wancan zamani. Hashim yaro ne mai tsintar ƙwallo a kulob ɗin hafsoshin Ingila a Peshawar, in sun tashi ya shiga ɗakin ba takalmi ya yi ta bugawa shi kaɗai. A 1951 ya je ya ci gasar Birtaniya, ya kuma ci ta har sau 7. Kawu yakan ce mini, “Ɗana, mai share ɗaki ne irinmu. Amma danginsa sun riƙe juna, ƙane ya bi wa, ɗa ya bi uba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.” Ban san cewa ni da ɗansa na cikinsa yake yi wa wa'azi ba.

A farkon 2003 na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, na ce duk gasar da aka yi a duniya a shekarar nan sai na rubuta ta. Ban san tashar talabijin da take nuna sikwash a lokacin ba. Ranar Litinin in na karɓi kuɗin ɗauri sai in shiga shagon intanet a Wuse, in biya kuɗin rabin awa, injin ya cinye rabinta kafin shafi ya buɗe. Abin da na samu in sa a buga mini a takarda, in kai kulob in manna a allon sanarwa. Hoton farko da na manna na gasar zakaru ta New York ne, inda suke kafa ɗakin gilashi a cikin tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, matafiya na wucewa da jakunkuna suna kallo. Wani babban sakatare ya tsaya ya daɗe yana dubawa, ya ce, “Malam, wannan da gaske ne?” Na ce ranka ya daɗe, a Masar ma tun 1996 suka kafa irinsa a gaban dalar Giza, ɗansu Ahmed Barada ya kai wasan ƙarshe a wurin.

A shekarar Peter Nicol ne ake ji da shi, ɗan Sikotilan da ya koma buga wa Ingila a 2001, sai David Palmer na Ostireliya mai riƙe da kambun duniya na 2002, sai Thierry Lincou na Faransa. Pakistan kuwa ta riga ta yi shiru. Wannan ya fi komai damun Kawu, mutumin da ya ga zamanin Jahangir Khan, wanda ya yi wasa 555 a jere ba a doke shi ba daga 1981 zuwa 1986, ya ci gasar Birtaniya sau 10 a jere, sannan Jansher Khan ya biyo da kambun duniya 8. Ni kuma idona yana kan Masar. A watan Agusta aka yi gasar duniya ta 'yan mata matasa a Alƙahira, 'yarsu Omneya Abdel Kawy ta ci. Kafin ita Karim Darwish ya ci ta samari a 2000. Na faɗa wa duk wanda ya tsaya a gaban allon nan cewa waɗannan yaran su ne za su gaji Pakistan. Wasu suka yi dariya. Yaya yana cikin masu dariyar.

To, a watan Oktoba Abuja za ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka, a sabon filin wasa na ƙasa, kuma sikwash yana cikin wasannin da za a yi. Aka nemi kulob-kulob su ba da sunayen waɗanda suka iya kiran maki. Aikin nan ba zama ne kawai a kan kujera ba. Ɗakin tsawonsa mita 9.75, faɗinsa 6.4, mutum biyu a ciki da raket suna neman ƙwallo ɗaya, kai kana sama a bayansu. Dole idonka ya ga ta taɓa kwanon da ke gindin bango ko ba ta taɓa ba, ta yi tsalle ɗaya ko biyu, ta haura jan layi ko tana ciki. In ɗaya ya tare wa ɗaya hanya, alƙali ne zai yanke ko a sake bugun, wato let, ko a ba wanda aka tare makin, wato sitirok, amma mai kira ne zai faɗa da murya kowa ya ji. Ga kuma lissafi iri biyu a lokacin: namu na kulob ana zuwa 9 ne kuma mai sabis, wato mai fara bugun, shi kaɗai ke cin maki, ƙwararrun maza kuwa suna zuwa 15, duk bugun da aka ci maki ne. Wannan na 11 da yaran yanzu suka sani daga baya ya shigo. Duka biyun ina da su a ka tun ina ɗan shekara goma sha, domin Kawu yakan zaunar da ni a gefensa, in na yi kuskuren kira ya murɗe mini kunne.

Manaja da bakinsa ya ce sunana ne na farko. Na kai hoto, na cika takarda. Na je Wuse na yanki yadi fari aka ɗinka mini wando. Na sayi kati na kira maƙwabcin Kawu a Gangare aka kai masa wayar, na ce Kawu, zan zauna a kan 'yan Masar in kira musu maki. Ya yi ta sa mini albarka har katin ya ƙare.

Ana saura mako biyu manaja ya kira ni ofis. Bai ce in zauna ba. Ya ce an sanar da shi ba ni da takardar sakandare, kuma Turancina ba zai fita a gaban baƙi ba. Na ce, “Yallaɓai, Turancin da ake kira a ɗakin nan bai kai kalma ashirin ba, kuma da shi nake kira wa ministoci kowace yamma.” Ya ce magana ta ƙare. Ƙanen matarsa ya sa a gurbina, yaron da bai taɓa riƙe raket ba. Zancen takardar sakandare kuwa mutum ɗaya ne a duk Abuja ya san shi. Ya san shekarar da Baba ya rasu aka cire ni daga aji uku, domin a ɗaki ɗaya muke kwana a lokacin, ya ga kukan da na yi.

Ranar gwaji masu kula da wasan suka zaunar da ƙanen matar manaja a kujera, bai kai ƙarshen zagaye ɗaya ba suka sauke shi, kuma gaskiyarsu ce. Gurbin ya tafi ga wani daga wata jiha. Kulob bai samu ba, Yaya bai samu ba, ni ban samu ba. Da labari ya kai Jos, Kawu bai yi faɗa ba. Saƙo ya aiko da direban motar Bauchi Road, ya ce a gaya wa mu biyun, sai bango ya tsage. Ni dai na san ba ni na tsaga shi ba, kuma na faɗa wa Inna haka a gaban kowa ranar sunan Auta.

Duk da haka na je kallon wasannin. Na shiga cikin 'yan kallo da farin wandona na tsaya a baya. Abin da na gani a wurin 'yan Masar ya fi abin da takarda ta gaya mini. Ba sa jiran ƙwallo ta sauka, a sama suke tare ta. Mutum zai ɗaga hannu kamar zai zabga ta zuwa baya, sai ya ajiye ta a kusurwar gaba, can inda bango ya haɗu da ƙasa, ta mirgina ba tsalle. Kuma kowane ɗayansu, da ya buga, ya koma tsakiyar ɗaki ya tsaya. Mu a nan ana koya wa yaro ƙarfi da gudu, su an koya musu hannu tun suna ƙanana, kuma an ba su ɗakin da za su koya. Mu kuwa yaron mai share ɗaki sai mambobi sun tafi, in ma mai gadi bai kashe wuta ba.

Littafina ban daina rubuta shi ba. A Oktoban nan Palmer ya doke Nicol a wasan ƙarshe na gasar Birtaniya a Nottingham, Ostireliya kuma ta doke Faransa ta ci gasar ƙasashe ta maza a Biyana. Yaya ya tsaya a gaban allo ya ce, “Ina Misirawan naka?” Ban tanka ba. A Disamba aka je Lahore gasar duniya. Amr Shabana, bahago, ɗan shekara 24, wanda aka sa a matsayi na 9, ya fitar da Palmer mai riƙe da kambu, ya je ya doke Lincou a wasan ƙarshe. Shi ne Bamisire na farko da ya ci gasar, kuma a ƙasar su Jahangir ya ci ta. Na sa aka buga mini takardar kwafi biyu. Ɗaya na manna a allo, ɗaya na ajiye a kan bencin da Yaya yake ɗaurin raket.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Shabana ya ƙara a 2005 da 2007 da 2009, Ramy Ashour ya zo, Ali Farag ya zo, a ɓangaren mata Nour El Sherbini ta ci kambun duniya tana 'yar shekara 20. A Oktoban 2023 aka amince sikwash zai shiga gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles, shekara 20 cif bayan an cire sunana. Ranar da na ji, Kawu na tuna, da ya rasu bai taɓa ganin ɗakin gilashi da idonsa ba. Yaya ya kira ni a waya ranar yana cewa ai mu ne muka fara ganin tashin Masar. Mu wa? Littafin yana nan a akwatina, da rubutun hannuna da kwanan wata.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda manaja ya bar kulob ɗin, da daren da Yaya ya zo Nyanya neman rancen kuɗin haya, da amsar da Inna ta hana ni ba shi.