Buntu, ruwan jiƙo da sikeli

Injinmu na casar shinkafa ƙarami ne, yana gefen garin Kura, kuma abincinmu gaba ɗaya a ruwan Tiga yake. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 aka jawo ruwa ta magudanan Kadawa, manoman Kura da Bunkure da Garun Malam suke noman rani, mu kuma muke samun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, rani da damina. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kowa mai ɗan jari sai ya kafa inji. Yau da yawansu an garƙame. Ana ɗora laifin a kan tsadar man dizal da kuɗin wuta, kuma da gaskiya a ciki, amma na san waɗanda ba wannan ne ya kayar da su ba. Manoma ne suka daina kai musu kaya, maƙwabta kuma suka yi ta kai ƙara har zaman ya gagara.

Idan aka ce kamfani ya kyautata wa jama'a, yawancinmu rabon kayan azumi muke tunawa: a tara mutane a layi, a miƙa ƙwarya biyu, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ban raina sadaka ba. Zakka kuwa wajibi ce, ba a yi wa kowa gori da ita. Sai dai wanda ya shaƙi hayaƙinka wata goma sha ɗaya, ƙwarya biyu ba za ta wanke masa ƙirji ba.

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, wato ɓawon shinkafa. Ka casa buhu ɗari, ka tashi da tsibi a bayan inji. Abin da aka saba shi ne a cinna masa wuta, shi kuma buntu ba ya ci da harshe, sai dai ya yi ta cin ciki yana turnuƙe unguwa kwana da kwanaki. Mu ba ma ƙonawa a fili. Masu kiwon kaji suna saye su shimfiɗa a ɗakin kaji, ragowar kuma matan da ke turara mana shinkafa suke hura murhu da shi maimakon itace. Kuɗin itacen da ya ragu a hannunsu yake zama, ba mu zaftare shi daga ladan aikinsu ba. Ranar da aka fara wannan tsari wata dattijuwa cikinsu ta ce da ni, "Alhaji, in dai ba za ka dawo ka ce buntun na kuɗi ne ba, to mun gode." Ta san halinmu 'yan kasuwa sarai.

Ruwan da aka jiƙa shinkafa a ciki, in ya kwana biyu wari yake kamar me. Rami muka haƙa masa, muka zuba tsakuwa da yashi yana tacewa, ba ya bin kwatar mutane. Mai unguwa muka gayyato ya nuna inda ya dace a haƙa, don nesa da rijiyoyi.

Inda aikin yake da wuya shi ne wajen saye. Manomi yana shigowa a matse, taki ya yi tsada, ga 'yan ƙwadago suna jiran kuɗinsu. A nan ne bashin kaka yake cin mutane: a ba ka kuɗi lokacin dashe, a yanke farashin buhu tun ranar, kaka ta zo ka ga rabin guminka ya tafi. Mu muna ba da taki da iri bashi, amma farashin ranar da aka kawo kaya shi ake bi. Sikelin a tsakar fili yake, fuskarsa tana kallon mai kaya, kuma in an rage wani abu saboda danshi, a gabansa ake gwadawa da na'ura ya ga lambar da idonsa. Shinkafar da danshinta ya wuce kashi 14 cikin ɗari ba ta ajiyuwa, kowane manomi ya san haka. Abin da ba ya yarda da shi shi ne a ce masa "ta yi sanyi" da baki kawai.

Wannan duk yana rage riba a kan kowane buhu, ba na musu. Akwai shekarar da farashi ya haura bayan mun ba da taki, maƙwabcina a sana'a ya ci ribar da ni ban ci ba. Amma da rani ya tsananta, shanshera ta yi wuya, dillalai suna bin ƙauyuka da kuɗi a hannu, shinkafa irin Jamila da Sipi ba ta yanke a ƙofarmu ba, injin bai kwana a kashe ba. Yanzu abin da ke gabanmu shi ne ƙurar cikin ɗakin casa. Takunkumin da muke raba wa ma'aikata ba ya isa, kuma na'urar zuƙe ƙura sai an tara mata kuɗin kaka biyu.